WAYAR HANNU AMANA CE: JAN HANKALI GA MATASAN JIBIYA

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da aka gabatar wa 'yan uwa matasa a Magamar Jibiya, bakin iyakar Nijeriya da Nijar.

Bayan yabo ga Allah (T) da salati ga Manzo (S), mai jawabin ya ce abin da ke cikin wayar ɗan uwa ba nasa ba ne shi kaɗai. Akwai hoton iyalinsa ba hijabi, da lambobin abokan fataucinsa na Maraɗi da Ɗan Isa, da saƙonnin banki masu nuna abin da ya mallaka. Duk wannan amana ce, kuma aya ta 58 a Suratun Nisa'i ta yi umurni da sauke amana.

Ya tunatar da cewa tun Disambar 2020 hukuma ta wajabta haɗa layin waya da lambar NIN, kuma da layin ake tura kuɗi daga asusu. Don haka layin da ya faɗa hannun ɓata-gari zai iya jawo wa mai shi asara ko tuhuma. A yankin da masu garkuwa da mutane ke da 'yan leƙen asiri, lambar attajiri ɗaya ta isa jefa rai cikin haɗari.

Saboda haka, inji shi, kafin ɗan uwa ya miƙa wayarsa ga mai gyara, lallai ya cire layukansa, na Nijeriya da na Nijar, tare da memori. Ya kwashe hotuna zuwa wani wuri, ya fita daga manhajar banki, ya sa wa WhatsApp lambar sirri ta biyu. Ya danna *#06# ya rubuta lambar IMEI mai alƙaluma 15, don ita ce shaidar wayarsa. Canjin batir ko bakin caji ba ya bukatar a ba da lambar buɗe waya. In gwaji ya kama, ya buɗe da hannunsa yana tsaye a wurin.

Daga nan ya juya kan 'yan uwa masu sana'ar gyara, ya ce aya ta 12 a Suratul Hujurat ta haramta binciken asirin mutane. Wanda ya leƙa hoton matar wani, ko ya kwafe shi, ya ci amana, kuma zai amsa tambaya gaban Allah ko da mai wayar bai taɓa sani ba.

An rufe da addu'ar Allah Ya rufa asirin Musulmi duniya da lahira.