Tagogin Tsohon Gininmu: Kada Garin Neman Gira Mu Rasa Ido

(Jawabin da wani ɗan kwamitin gyare-gyare ya gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara)



Da farko ina godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba ni wannan dama, alhali kuwa a zauren nan akwai waɗanda suka bar makarantar nan tun ba a haife ni ba. In na yi tuntuɓen harshe a gafarce ni, yaro ne ya tashi magana a gaban manya.

Kamar yadda kowa ya ji a rahoton sakatare, kuɗin da muka tara bana za a kashe su ne wajen gyaran tsohon ginin azuzuwa, wato wanda ke fuskantar filin taron safe, wanda aka gina tun kafin samun 'yancin kai a 1960. An kawo shawara cewa a ciccire tagoginsa na katako gaba ɗaya, a sa na alminiyon masu gilashi, irin waɗanda ake turawa gefe. Na san masu wannan shawara alheri suke nufi. To amma ni na tashi ne in roƙi wannan taro kada a yi haka. Roƙona shi ne a gyara waɗanda za su gyaru, waɗanda suka mutu kuma a sa kafinta ya auna kowace kafa, ya yi mata taga ta katako daidai da ita.

Ba daga littafi na fara koyon wannan darasi ba, a gidanmu na koye shi, kuma da kuɗina na saya. Shekarar da na kama aikin gwamnati, na ga ya kamata in yi wa mahaifina abin da zai sa mini albarka. Gidan nasa tsohon gida ne mai kaurin bango, tagoginsa na katako masu ƙyaure biyu. Sai na ɗauko masu aikin alminiyon. Da suka zo da tagoginsu da aka riga aka haɗa, babu wadda ta shiga kafarta. Wata kafar suka fasa bango suka ƙara mata faɗi, wata suka cike gefenta da bulo da siminti. Damina ɗaya aka yi, bango ya tsage daidai inda sabon siminti ya haɗu da tsohon gini, ruwa ya sami hanya. Da bazara ta zo kuwa, ɗakin da muka saba kwana a ciki ya zama tanda, har tsohon ya kwashe shimfiɗarsa ya koma tsakar gida. Bai yi mini faɗa ba. Abin da kawai ya ce shi ne, "Ai ka yi ƙoƙari, sai dai iskar ce ka sayar." Tsofaffin tagogin kuwa, waɗanda na bayar kyauta, daga baya na gan su a shagon wani kafinta, ya kankare su ya sayar wa wani. Ya ce mini, "Ɗana, irin wannan katako yanzu ko da kuɗinka sai ka sha yawo."

To, me ya sa abin ya zama haka? Dalili na farko shi ne iska. Tagar da ake turawa gefe, komai girmanta, rabinta kaɗai ke buɗewa, domin ɓari ɗaya yana hawa kan ɗaya ne. Tagar katako mai ƙyaure biyu kuwa, in ka tura ta waje, kafar gaba ɗaya ta buɗe. Waɗanda suka tsara ginin nan sun yi shi ne ba tare da dogara ga fanka ko na'urar sanyaya ɗaki ba. Shi ya sa suka ɗaga rufi, suka yi baranda, suka sa tagogi suna kallon juna, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Duk wanda ya zauna a ajin nan cikin watan Afrilu ya san abin da nake faɗa. In muka rage kafar iska da rabi, a ajin da yau ɗalibansa suka fi na zamaninmu yawa, mun cuci ƙannenmu da 'ya'yanmu.

Dalili na biyu shi ne zafi. Malamanmu na kimiyya suna nan zaune, in na yi kuskure su gyara mini: alminiyon yana ɗaukar zafi ya wuce da shi fiye da katako sau dubu da ɗoriya. Gilashi kuma yana barin hasken rana ya shiga, ya riƙe zafin a ciki. Ƙyauren katako mai tsaga-tsaga kuwa yana tare rana, ya bar iska ta wuce.

Dalili na uku shi ne awo. Ni da wani abokin aikina mun zo da tef mun auna kafofin tagogin ginin nan ɗaya bayan ɗaya. Ido yana ganin kamar duk ɗaya suke, amma da wuya ka sami biyu da suka yi daidai. Wata ta ɗara wata da rabin inci, wata samanta ya fi ƙasanta faɗi, domin da hannu aka gina su, kuma gini yana zama a hankali cikin shekaru. Ƙa'idar aikin ita ce a auna faɗi a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, a auna tsawo a wuri uku, sa'an nan a auna daga kusurwa zuwa kusurwa don a ga ko kafar ta karkace. Kowace kafa a ba ta lamba, a yi mata tagarta. Taga ake yi wa gini, ba a fasa gini don taga.

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini a kwamiti: katako gara na cinsa, yana kumbura da damina, yana tsagewa da hunturu. Gaskiya ne, ba na musu. Amma sai mu tambayi kanmu, me ya sa tagogin da suka haura shekara 60 yawancinsu suna nan, alhali ƙofofin da aka sa wa sababbin azuzuwa muna 'yan aji uku tuni suka zama gari? Amsar tana cikin irin katakon da yadda aka sarrafa shi.

Itace yana da zuciya, wato jan nan ko duhun nan na tsakiya, yana kuma da farin da ke kusa da ɓawo. Farin nan shi ne abincin gara, ko da na wane irin itace ne. Zuciyar iroko, wanda wasu ke kira loko, tana jure gara da ruwa ƙwarai, maɗaci ma ba laifi. Farin katako mara nauyi irin su obeche kuwa, na silin ne da kayan cikin ɗaki, ba na taga ba. Ɗan kwangila mai neman riba shi zai sayo, ya shafe shi da fenti, a biya shi ya tafi. Araha ba ta ado. Haka kuma ba na ba da shawarar a nemi maɗobiya, duk da ƙarfinta, domin saran da aka yi mata a dazuzzukanmu don fitarwa waje ya kai ga an sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tun 2017.

Sai batun bushewa, wanda a nan ne aka fi yin asara. Yawancin katakon da ke kasuwanninmu, kamar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, daga kudu ake kawo shi, da sauran danshi a jikinsa. In kafinta ya yi aiki da shi a haka, hunturu na zuwa zai tsotse ruwan, katako ya tsuke ta faɗinsa, mahaɗa ta buɗe, ƙyaure ya murɗe. Maganin abin shi ne haƙuri. A sayi katako da wuri, a jera shi a inuwa da 'yan sanduna tsakanin kowane falle don iska ta ratsa, a bar shi ya sha hunturu guda a nan garin kafin zarto ya taɓa shi. Kuma tun da za a haɗa shi yana bushe, a bar ɗan sarari tsakanin ƙyaure da firam, saboda kumburin watan Agusta.

Haɗin ma yana da ƙa'ida. Malaminmu na aikin katako, ga shi can zaune, Allah ya ƙara masa lafiya, ya sha gaya mana a ɗakin koyon sana'a cewa ƙusa ba ta riƙe taga. Sai an huda katako ɗaya, an fere wa ɗayan harshe, an zura an ɗaure da turun katako. Malam, a lokacin mun ɗauka wahalar da mu kake yi, yau ga shi ɗalibinka yana maimaita karatun a gaban jama'a. Bayan haɗi, a shafa maganin gara a ko'ina, musamman bayan firam da zai jingina da bango, a yi fenti har da ƙasan ƙyaure inda ido ba ya gani, domin ta nan ruwa ke shiga.

Akwai gargaɗi ɗaya. Tsohon fenti na wancan zamani sau da yawa akwai dalma a cikinsa, kuma duk mun tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Saboda haka kada a goge shi da samfefa a bushe yara suna aji. A yi aikin lokacin hutu, a jiƙa kafin a kankare, a kwashe ƙurar a kai ta nesa.

Ba mu ne farkon masu wannan tunani ba. A Ingila, tun 1877 wani mai suna William Morris da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine, wadda manufarta ita ce a gyara abin da ake da shi maimakon a musanya shi. A can, ginin da hukuma ta sa cikin jerin na tarihi, mai shi ba ya canza masa taga sai da izini, shi ya sa yin tagogin katako bisa awo ya zama sana'a mai zaman kanta. Mu ma a nan muna da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa tun 1979, kuma duk wanda ya ziyarci tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, ya san yadda tsohon gini ke ba da labari ba tare da baki ba. Namu ginin bai shiga jerin hukuma ba, ba shi da mai kare shi sai mu.

Ba zan ɓoye wa taro ba, wannan hanya ta fi ɗaukar lokaci, kuma tana bukatar fenti duk bayan 'yan shekaru. Amma tagar katako in gefe ɗaya ya ruɓe, kafintan unguwa zai yanke wurin ya yi mata ƙari. Ta alminiyon in firam ya lanƙwashe, sau da yawa sai dai a sake sabuwa. Bisa abin da muka gani, fiye da rabin tagogin nan ba su bukatar komai sai kankara, sabon hinjis, sakata da fenti.

A taƙaice, ina roƙon taro ya amince da abubuwa huɗu. Na ɗaya, a dakatar da batun alminiyon a wannan gini. Na biyu, a kafa ƙaramin kwamiti ƙarƙashin Malam, ya tantance tagar da za a gyara da wadda za a sake. Na uku, a sayi katako bana, a yi aiki baɗi, kuma a fara da taga ɗaya ta gwaji kowa ya gani, gani ya kori ji. Na huɗu, a sa ɗalibai masu darasin aikin katako su tsaya tare da kafinta, su koyi abin da hannu zai riƙe.

A jikin ɗaya daga cikin tagogin nan akwai haruffan sunayen da wasu suka sassaƙa da tsinin kamfas. Na gane wasu, kuma masu su suna zaune a sahun gaba, ba zan tona asiri ba. Ina fata dai jikokinsu su zo su tarar da su.

Allah ya ɗaukaka makarantarmu, ya saka wa malamanmu da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.