Jawabi Ga Hakimai Da Magatakardansu A Kan Iskar Damina Da Saran Maciji

Maganar da za a yi yau ta shafi abubuwa biyu da kan zo wa talaka a dare ɗaya, watau iskar farkon damina da saran maciji. An zaɓi Kakuri, a kudancin Kogin Kaduna, don misali, amma darasin ya shafi kowace gunduma.

Kakuri unguwar ma'aikata ce. Tun da aka buɗe Masaƙar Kaduna a 1957, mutane suka yi ta kwararowa daga ko'ina, aka yi ta gina ɗakunan haya masu rufin kwano. Masaƙar ta tsaya da aiki a 2002, da yawa daga cikin 'yan'uwanta kuma suka bi sahu. Gidaje sun tsufa, kuɗin gyara ya yi wuya, ciyawa ta rufe filayen da a dā a ke sharewa. Kogin kuma ya yi ambaliya mai tsanani cikin Agusta 2003, ya sake yi a 2012. Duk sa'ad da ruwa ya cika ramuka, macizai da kunamu su kan fito neman busasshen wuri, ba kuwa inda ya fi musu kusa sai ɗakin mutum.

Ga misalin wani magidanci, tsohon ma'aikacin masaƙa, da matarsa da 'ya'ya huɗu. Wani dare cikin watan Mayu hadari ya taso daga gabas, iska ta riga ruwa isowa da ƙura. Gara ta riga ta cinye katakon rufin ɗakinsu, saboda haka ƙusa ba ta da abin kamawa, iska ta ɗaga kwano uku ta jefar bayan gida. Wuta ta ɗauke, ruwa ya sauko. Maigidan ya ce a kwashe yara a koma ɗakin ajiya, inda buhunan masara su ke jingine da bango kusa da tarin itace. Babban ɗansa, mai shekara 12, ya shiga cikin duhu ba takalmi don ya share wurin shimfiɗa. Nan kububuwa ta sare shi a idon sawu.

Maƙwabta suka taru. Wani dattijo ya ce a ɗaure ƙafar tam da igiya, a kira wanzami ya yi tsaga. Uwar yaron tana kuka ta ce, "Malam, a yi yadda Baba ya ce, kada yaron nan ya mutu a hannunmu." Maigidan ya durƙusa ya ce, "Baba, a gafarce ni. Mai unguwa ya yi mana gargaɗi a masallaci kada a ɗaure, kada a tsaga. Asibiti za mu." Suka kwantar da yaron, suka sa ƙafar tsakanin itace biyu suka naɗe da zane sako-sako don kada ta motsa, suka ɗauke shi bisa tsohon ƙyaure har bakin titi. A asibiti aka ɗibi jininsa cikin kwalba aka ajiye minti 20, bai daskare ba. Da haka likita ya tabbata dafi ya shiga jiki, aka yi masa allurar kashe dafi ta jijiya. Bayan 'yan kwanaki aka sallame shi da ƙafarsa.

Dalilin da ya sa maigidan ya yi daidai shi ne, dafin kububuwa hana jini daskarewa ya ke yi. Wanda ta sara ya kan ga kamar sauƙi ya samu, sa'an nan bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya ɓalle ta dasashi, ko cikin fitsari, ko cikin kai. In aka yi masa tsaga an buɗe wa jinin ƙofa ke nan. Ɗauri mai tsanani kuwa ya kan kashe naman ƙafa har a kai ga yankewa. Tsotsa da baki da ɗora baƙin dutse ba sa fitar da dafi, ɓata lokaci kawai su ke yi. Kada kuma a ba shi asfirin, don yana ƙara zubar jini. Zobe da awarwaro da takalmi a cire su tun kumburi bai kama ba.

Ba kububuwa kaɗai ba ce. Kasa ta kan kawo kumburi mai yawa da ruɓewar nama. Kumurci mai tofi ya kan shiga ɗaki da dare bin ɓera, ya sari mai barci a ƙasa. In ya tofa dafi a ido, a wanke nan take da ruwa mai yawa, sa'an nan a tafi asibiti. Harbin kunama ga babba yawanci zogi ne kawai, amma ƙaramin yaro da ya soma gumi, ko amai, ko numfashi da ƙyar, lalle a gaggauta kai shi ga likita.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa kowace shekara saboda saran maciji. A 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashen zafi da aka yi wa sakaci, a 2019 kuma ta ɗauki niyyar rage mutuwa da naƙasa da rabi kafin 2030. A ƙasar nan akwai asibiti na musamman don wannan a Kaltungo, Jihar Gombe, amma mutumin Kakuri ba zai kai can cikin dare ba. Dole maganin ya kasance kusa da shi.

A nan aikin hakimai ya ke. Tun cikin Maris, kafin hadarin farko, ya kamata hakimi ya tara dagatai da masu unguwa da limamai, a yi shela kowa ya duba rufinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A sauya katakon da gara ta ci, a ɗaure rufi da waya, a liƙe ramukan bango, a sare rassan da suka rankwafo bisa ɗaki, a yashe kwata. A nisanta itace da hatsi daga wurin kwana, domin inda ɓera ya ke nan maciji ke zuwa. A kwana bisa gado cikin gidan sauro, a cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa. Kowane gida ya ajiye tocila inda hannu zai kai cikin duhu, kada kowa ya fita da dare ba takalmi. Bayan iska kada a taɓa wayar lantarki da ta faɗi, lokacin tsawa kuma kada a fake gindin itace.

Magatakarda kuwa su buɗe littafi. Duk wanda maciji ya sara a rubuta rana, da unguwa, da irin macijin in an gane, da awa nawa aka yi kafin a kai asibiti, da yadda aka ƙare. A riƙa aika wannan lissafi ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma, domin da shi za a nemi a tanadi allura. Su kuma bincika tun da rani wane asibiti ke da ita, su sanar da masu unguwa, don kada a yi ta yawo da majiyyaci daga ƙofa zuwa ƙofa.

Yaron nan ya rayu ne, da ikon Allah, saboda wani mai unguwa ya tsaya a masallaci ya faɗi magana, uban kuma ya riƙe ta. Ana fata kowane hakimi zai tabbata an yi irin wannan gargaɗi a ƙasarsa kafin ruwa ya sauka. Allah ya kawo damina mai albarka, ya kiyashe bayinsa.