Tafiyar Ƙasa Cikin Zafin Bazara



Mun tsaya gabanku yau a madadin ɗaliban Kanya Babba da kewaye, domin mun ji ana shirin fita yawon buɗe ido a ƙasa zuwa duwatsun Kazaure da Roni idan an yi hutu. Shawara ce mai kyau, tun da tafiya mabuɗin ilmi ce. Amma fa hutun zai faɗo cikin bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a inuwa. Saboda haka ya wajaba mu faɗa muku abin da ya same mu.

Bara, cikin watan Afrilu, mu biyar muka tashi daga Kanya Babba za mu Babura a ƙasa. Sai da hantsi ya dubi ludayi muka kama hanya, kowa da ɗan goran ruwansa. Kafin azahar ruwa ya ƙare. Ɗayanmu ya fara kukan ciwon kai da jiri, can sai muka ji yana magana ba kan gado, ya zube. Allah ya jefo mana wani dattijo tafe da jakinsa. Shi ya sa muka kwantar da shi gindin gawo, ya jiƙa masa riga, ya ce mu yi ta fifita. Da ya farfaɗo ya riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Sa'an nan ya dube mu ya ce, "Samari, duk bokon naku ba wanda ya gaya muku ba a tafiya da rana tsaka?" Muka yi shiru don kunya.

Abin da ya faru ba iska ba ne, ba kuma sammu ba. Ɗumin jikin mutum digiri 37 ne, zufa ce ke sanyaya shi. Mai tafiya cikin ƙunar rana yakan zubar da zufa lita guda ko fiye cikin awa ɗaya. In ruwan jiki ya yi ƙaranci, ɗumin ya haura digiri 40, sai ƙwaƙwalwa ta rikice, kuma in ba a sanyaya mutum da gaggawa ba, ana iya rasa shi.

Kakanninmu fatake sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi. Ayari yakan yi sammako, ya sauka zango kafin rana ta take, kuma madugu ba ya tashi sai ya san rijiyar da ke gaba. Haka Azbinawa masu ratsa hamadar Tenere daga Agadas zuwa Fashi da Bilma don ɗauko gishiri da dabino, sukan jira sai zafi ya karye, daga wajen Oktoba, kafin su ɗaura wa raƙuma kaya. Rawaninsu da manyan rigunansu kariya ce daga rana.

Hamada ba ta canza hali ba don an sami mota. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Akasarinsu daga yankin Kance suke, maƙwabtanmu na ƙasar Damagaram, talauci ya tura su neman abinci. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Allah ya ji ƙansu. Ƙasarmu ba hamada ba ce, amma ranar ita ce dai ranar.

Don haka, 'yan'uwa, in za ku fita, ku tashi da asuba, ku yada zango kafin ƙarfe 11, kada ku sake ɗagawa sai bayan la'asar. Kowa ya riƙi ruwa mai yalwa, ya riƙa sha tun bai ji ƙishirwa ba. In fitsari ya yi ja, alama ce jiki na neman ruwa. Ku tafi da gishiri da sukari: rabin ƙaramin cokali na gishiri da shida na sukari cikin lita ɗaya. Ku sa malafa da tufafi masu sakewa. Duk garin da za ku kwana, ku fara gai da dagaci ko mai unguwa, shi zai nuna muku masauki da rijiya. Da safe ku kakkaɓe takalma saboda kunama. Wanda kuka ga ya rikice, ku sanyaya shi nan take, ku garzaya asibiti da shi.

Mu dai mun fita mu biyar, kuma saura ƙiris mu komo mu huɗu. Sannu-sannu kwana nesa. Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya. Wassalam.