Rama Iri Biyu Ce

Iyayena da 'yan'uwana na kasuwannin Sokode da Dapaong,

Rama iri biyu ce. Mai ƙibar da ya rage sakwara da shayi mai zaƙi, ya lazimci tafiyar ƙafa, ya sauke kilo 5 cikin 80, sukarin jininsa kan sauka. Wannan ramar alheri ce.

Amma in kuna ci kuna ramewa, ga ƙishirwa, ga fitsarin dare, wataƙila sukari ne ke zubewa a fitsari. Kada ku ce sammu ne. Ku je asibiti a auna jini kafin karin kumallo: giram 1.26 a lita alamar ciwon sukari ce.

Mai shan magani kuwa, ya shawarci likita kafin ya rage ci, kada ya sume a rumfa.