Yauƙin Tsirrai da Garkuwar Jikin Dabba



Yauƙin kuɓewa da na karkashi, da ƙaron da ke tsatsowa daga jikin dakwara, duk dangi ɗaya ne. Ƙwayoyin sukari ne da suka sarƙafu suka yi dogon zare, su ne masana ke kira folisakaraid. Shin za su iya tayar da garkuwar dabba idan ta karye?

Ga yadda ake gwadawa. A yi wa ɓeraye allurar saiklofosfamaid, maganin kansa mai kashe ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa. Kwana kaɗan fararen ƙwayoyin jini su ragu, saifa ta motse. Sai a raba ɓerayen, a riƙa ɗura wa wasu sinadarin da aka tato daga tsiro, wasu a ba su ruwa zalla, daga baya a auna saifar, a ƙirga jinin. A Sin aka fi yin wannan aiki, musamman da saiwar Astragalus, kuma sau da yawa waɗanda aka ɗura wa sun fi saurin farfaɗowa. Tun da Tarayyar Turai ta hana zuba antibayotik a abincin dabbobi don ƙiba a 2006, Sin ta biyo baya a 2020, binciken ya ƙara kasuwa, don ana neman abin da zai maye gurbin antibayotik ɗin.

To amma a yi hattara. Da yawa daga cikin sinadaran nan suna taɓa wani makunni ne a jikin ƙwayoyin garkuwa, TLR4, kuma shi ɗin ne dafin bakteriya ke taɓawa. Wanda ya tato saiwa bai tsarkake ta ba, ƙazanta ce za ta ba shi sakamako mai daɗi, shi kuwa ya yabi tsiron.

Sannan ɓeran ɗakin gwaji daban, kazar gona daban. Abin da ke karya garkuwar 'yan tsakinmu shi ne Gumboro, cutar da aka fara bayyanawa a Amurka a 1962. Tana lalata wata 'yar jaka da ke saman duburar tsako, inda ƙwayoyin da ke samar da kariya suke nuna. Shi ya sa sai mai kaji ya ɗiga rigakafin Lasota, na wata cutar daban, a kan kari, bai kama ba, ya wayi gari yana kwashe gawa. Ga kuma masara mai fumfuna da ke ƙara raunana su. Wannan asarar ce ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Drissa Diallo na Bamako tare da Berit Paulsen ta Jami'ar Oslo sun tato irin sinadaran nan daga tsirran Mali, har da tawatsa da rawaya, waɗanda ke dajinmu mu ma. Ina roƙon ɗalibanmu na Zariya da Sakkwato da masu binciken lafiyar dabbobi na Vom su ɗora daga nan: a tsarkake abin da aka tato, a gwada shi kan tsakin da Gumboro ta taɓa, a auna ko rigakafin ya kama, a kuma buga sakamakon ko da bai yi daɗi ba.