Jawabi Ga Iyaye: Tarawa Da Ɗebewa Uwarsu Ɗaya Ubansu Ɗaya

  

Jama'a, ni ba malamin makaranta ba ne, goro nake sayarwa a nan Sabon Shagamu. Abin da ya same ni ne ya sa na roƙi a ba ni ɗan lokaci.

Kwanan baya na bar yarona mai shekara takwas a rumfa, na tafi sallar azahar. Wata mata ta sayi goron naira 650, ta ba shi dubu ɗaya, ya ba ta canjin 450. Allah ya sa mai tsoron Allah ce, ta dawo da ɗarin. Na ce masa, 650 da 450 nawa ke nan? Nan take ya ce 1,100, sai ya kama baki. Ashe ya iya tarawa sarai, amma ba wanda ya taɓa nuna masa cewa da tarawa ake duba ɗebewa.

To, ga abin da nake yi da shi yanzu. In ɗauki goro goma, in kife kwano a kan wasu, in bar bakwai a fili, in ce nawa ke ƙarƙashin kwano? Sai ya ƙirga daga bakwai zuwa goma, ya ce uku. Daga nan sai ya faɗi magana huɗu: bakwai da uku goma, uku da bakwai goma, goma a ɗebe uku saura bakwai, goma a ɗebe bakwai saura uku. Goron dai bai canja ba.

Haka mu ma muke ba da canji. Mukan ce ga hamsin, ɗari bakwai ke nan, ga ɗari uku, dubu ta cika. Ɗebewa muka yi, amma da tarawa.

Abin ma yana cikin bakinmu. Kakanninmu kan ce "ashirin ba biyu", wato 18. Maƙwabtanmu Yarabawa su ma 16 "merindinlogun" suke cewa, wato ashirin a rage huɗu, kuma yaranmu suna jin haka kullum a kasuwa. Shi kansa Alkhawarizmi, malamin lissafi na Bagadaza, da ya rubuta littafinsa wajen shekarar 820 miladiyya, kalmar "aljabru" da ya yi amfani da ita tana nufin mayar da abin da aka ɗebe.

Don Allah iyaye, musamman mata da ke yini da yara, a riƙa yi musu wannan da wake ko dabino. Yaron da bai iya duba lissafinsa ba, ko a cuce shi, ko ya ci haƙƙin wani bai sani ba.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a kasuwarmu.