Famfon Feshi da Dashen da Ba Ya Kai Shekara Uku

 

Babu wanda ke zaune a nan da zan koya wa amfanin bishiya ko barazanar hamada. Shirin katangar itatuwa ta Afirka yana nan tun 2007, shirin ACReSAL kuma Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a ƙarshen 2021. Kuɗi sun shigo, ana raba dashen mangwaro da gwaba da lemu da kashu kowace damina, ana ɗaukar hoto. Ka koma bayan shekara biyu, a wurare da yawa gurbin ramin kawai za ka tarar. In ka tambaya, amsa uku ce ba ta canjawa: gara, awaki, fari. Na daɗe ina jayayya da abokan aikina cewa akwai mai laifi na huɗu da ba ya shiga rahoto, shi ne famfon feshin da manomin ke goye da shi.

Manominmu ba ya ware wa bishiya fili. Cikin masara da dawa da wake yake dasa ta, kuma abin da ya fesa wa gonar shi dashen zai sha. Kuɗin 'yan ƙwadago ya yi tsada, fartanya ta ja baya, maganin ciyawa ya maye gurbinta. Da gwangwanin madara ake awo, wanda ya ga ciyawa ta yi taurin kai ya ƙara rabin gwangwani.

Bari in tsaya a kan gilaifoset, domin shi ne ya fi yaudarar mu. Kamfanin Monsanto ya fito da shi a 1974 da sunan Roundup, kuma tun da haƙƙin mallakarsa ya ƙare a 2000 kowane kamfani ke haɗa nasa, farashi ya faɗi, ya shiga kowace kasuwar ƙauye. Ba ya ƙona ganye nan take. Yana ratsa duk wani kore a jikin tsiro, ya bi hanyar da abincin da ganye ya dafa ke bi, ya tafi inda tsiro ke girma, wato kan toho da bakin saiwa. A can yake toshe wani sinadari guda da tsiro ke buƙata wajen ƙera tubala uku na ginin jikinsa, ɗaya daga cikinsu kuma daga gare shi ake samun abin da ke sa reshe ya miƙe. Tsohuwar bishiya tana da kauri da busasshen ɓawo a gindi, feshi ya taɓa ya bushe a banza. Dashen shekara ɗaya ko biyu ɓawonsa kore ne, siriri, yana shan magani kusan yadda ganye ke sha. Ga shi gajere, ganyensa na ƙasa daidai bakin famfo yake. Mangwaro mai aure da lemu mai aure kuma suna fid da toho daga ƙasan wurin auren, cikin ciyawar da ake fesawa, mai feshi bai ma gan shi ba. Ta wannan tohon maganin ke gangarawa saiwa.

Abin da ya sa ba a kama shi shi ne jinkiri. Mangwaro ba kullum yake girma ba, yakan yi toho ya huta, ya sake yi. In an fesa masa yana hutu, mako ya wuce, wata ya wuce, ganyensa shar. Sai sabon toho ya fito a ga ganye ƙanana, tsukakku, rawaya-rawaya, sun cunkushe wuri ɗaya kamar bakin tsintsiya, gaɓoɓin reshen sun gajarce. A ƙasashen da ke noman tufa da inabi an daɗe da sanin cewa feshin ƙarshen bazararsu sai shekara mai zuwa yake nuna kansa, kuma alamar na iya komowa fiye da shekara ɗaya. Mu a nan, wa zai haɗa feshin watan Agusta da ganyen da ya lalace bayan hunturu? Abin takaici, wannan alama ta yi kama ƙwarai da ta ƙarancin sinadarin zink a ƙasa. Malamin gona ya zo, ya duba, ya ce a sa taki. A sa taki, a ci gaba da feshi. Saiwa ta raunana, ɓawo ya tsage, dashen da ya kamata ya jure rani ya kasa. Sannan gara ta zo ta ci itacen da ya riga ya mutu rabi, a rubuta sunanta a rahoto. Ban wanke gara ba, tana ɓarna. Cewa nake sau da yawa ita ce ta ƙarshen zuwa, kuma ita ake tararwa a wurin.

Sauran magungunan ba sa ɓuya haka. Farakwat yana ƙona duk koren da ya taɓa cikin kwana ɗaya ko biyu, in ya zagaye gindin dashe ya yi masa zobe, an gama. Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, hukumar NAFDAC ma ta sanar da haramta shi daga farkon 2024, amma ku shiga kasuwa ku duba da idonku. Atirazin da ake fesa wa masara a ƙasa yake zama, ruwa ya kai shi saiwa, musamman a jigawa inda ƙasa ba ta riƙe komai. Shi kuwa 2,4-D na masu shinkafa, wani nau'insa yana tashi ya zama tururi in rana ta yi zafi, ya bi iska ya sauka a lambun maƙwabci, a wayi gari ganye ya murɗe.

Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya tambayi Amurka. A jihar Misuri, wani mai lambun 'ya'yan itacen fic, Bill Bader, ya kai ƙarar kamfanonin Monsanto da BASF cewa daikamba, ɗan'uwan 2,4-D, da maƙwabtansa ke fesa wa waken suya da auduga ya lalata masa dubban bishiyoyi. A Fabrairun 2020 kotu ta yanke masa diyyar dala miliyan 15 da tarar dala miliyan 250, kodayake an rage tarar daga baya. Manyan bishiyoyi ke nan, a ƙasar da ke da dokar feshi da masu sa ido.

Na san abin da za a ce mini, an sha faɗa. Wai gilaifoset da ya taɓa ƙasa yake maƙalewa ya daina aiki. Haka ne, ni ma ban ce ta ƙasa yake shiga ba. Wai ciyawa ma tana kashe dashe in an bar ta. Gaskiya ne, amma ba gonar duka na ce a nome da hannu ba. Wai ba mu da alƙaluma. To, wa ya hana mu tara su? Muna da cibiyar binciken noma ta Samaru, muna da reshen cibiyar NIHORT a Bagauda, muna da ɗalibai masu neman abin bincike.

Abin da nake nema bai canja ba. A bar wa kowane dashe fili kamar taki ɗaya ta kowane gefe, kada feshi ya shiga har dashen ya cika shekara uku, a nome wurin da fartanya a shimfiɗa busasshiyar ciyawa. A cire tohon gindi da wuƙa kwanaki kafin feshi, har wurin ya warke. A sa wa gindin dashen kariya, ko da tsohuwar robar ruwa ce aka yanke. A yi feshi lokacin da iska ta kwanta, kuma famfon da ya ɗauki maganin ciyawa kada ya ɗauki maganin ƙwari a fesa wa bishiya. Gargaɗin da ke jikin kwalba yana nan, amma da Turanci da ƙananan haruffa. Ina kira ga NAFDAC ta wajabta shi da Hausa, boko da ajami, kafin ta yi wa magani rajista.

Su kuma hukumomin da ke rabon dashe, su daina ƙirga abin da aka sauke daga mota. A riƙe kaso ɗaya na kuɗin ɗan kwangila sai an je an ƙirga masu rai a damina ta uku, kuma a takardar ƙirgar a ƙara layi ɗaya da zai tambayi manomi abin da ya fesa da watan da ya fesa shi.